Kayan Shaida Biyu a Ɗakin Suwaiba

Motar ba ta taɓa Suwaiba ba. Direban ya yi ta rantsuwa a kan haka, kuma gaskiya ya faɗa. Akwati ne ya taɓa ta.

A shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shigo hannun ma'aikata, kusan kowa a Gombe yana da abin da ya aika a sayo masa daga Ikko. Wani rediyo mai garmaho, wani keken ɗinki, wani firji ko da wutar lantarki ba ta iso unguwarsu ba. Jirgin ƙasa kan sauke kayan a tasha, motocin wani kamfanin kai saƙo su kwasa su bi gari suna rabawa. Ɗaya daga cikin motocin nan ce ta sha kwana a bakin hanyar Kagarawal da hantsi, igiya ta tsinke, wani akwatin katako ya zamo ya faɗo. Suwaiba na tsaye a gefen hanya da garwar man gyaɗa a ka, tana jiran motar Kwadon, inda take kai mai duk ranar kasuwa. Akwatin ya sauka a ƙwaurinta na hagu.

Waɗanda ke kusa sun ji ƙarar ƙashin, amma ba su ji muryarta ba. Bafulatana ce, an raine ta a kan cewa kuka a gaban mutane abin kunya ne, ko da mace a kan gwiwa take. Aka ɗaure raunin da ɗankwalinta, aka ɗauke ta zuwa gida. Mijinta Iro, mai teburin kayan koli, ya bar teburin a buɗe ya ruga kiran Bubayero maɗori.

Kofur ɗin 'yan sanda ya riga maɗori isowa. Ya zo da akwatin a amalanke, don ɗakin ajiyarsu ya cika da kekunan da aka kama ba fitila. Wanda ya tarbe shi a zaure shi ne Rufa'i, wan Iro, babban gidan. Rufa'i ya yi shekaru yana masinja a kotun majistare, yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, kuma tun da ya bar aiki unguwar ba ta da wani masanin doka sai shi.

"Malam Rufa'i, kai ba baƙon doka ba ne," in ji kofur. "Wannan kayan shaida ne. Ba a buɗewa, ba a gyarawa, ba a taɓawa, sai majistare ya gani da idonsa."

"Ni za ka gaya wa?" in ji Rufa'i, yana shafa katakon kamar wanda aka kawo wa ingarma.

Kofur na fita, Iro ya shigo da Bubayero, wanda ke riƙe da karan ɗori da ƙoƙon man shanu. Suwaiba na kwance a ɗakinta da ke kusa da zaure, tana jin duk abin da ake faɗa.

"Malam Bubayero, an wahalar da kai," in ji Rufa'i. "Ka koma, sai mun neme ka."

"An ce mini ƙashi ya leƙo waje."

"Shi ya sa."

"Yaya, shi ya sa me?" in ji Iro.

"Zauna in koya maka. Me ya faɗo daga mota?"

"Akwati."

"A kan me ya faɗo?"

"A kan ƙafa."

"To. In abin da ya buga kayan shaida ne, abin da aka buga fa? Da idona na ga wani mutumin Bolari, mota ta rushe masa katanga, ya yi sauri ya gine ta saboda awakinsa. Ranar shari'a majistare ya ce, ina ɓarnar? Aka je aka tarar da katanga tsaye, har ta fi ta da kyau. Saura ƙiris a ce shi zai biya direba ladan rushewa."

"Katanga ba ta ruɓewa, Malam Rufa'i," in ji Bubayero. "Ƙashi kuwa da ɗuminsa ake ɗora shi."

"Kotu za ta zauna ba da jimawa ba. Ranar da majistare ya gani, ni da kaina zan zo in ɗauko ka."

Suwaiba ta ji ƙarar takalman maɗorin suna nisa. Can Iro ya ɗaga labule ya shigo, ya tsuguna, bai yarda sun haɗa ido ba.

"An ce a ɗan dakata."

"Wa ya ce, Malam?"

"Doka."

Ba ta taɓa ganin doka ba, amma ta ji ana cewa ko sarki bai fi ƙarfinta ba. Sai ta ce, "To," ta juya fuska bango.

A duk gidan, ɗakin Suwaiba ne kaɗai mai rufin kwano, wanda ta yi da cinikin mai da ƙuliƙuli. Don haka nan aka ga ya dace a ajiye akwatin, ga damina ta kama. Da aka shigo da shi, Rufa'i ya duba ƙasa ya ga hanyar gara a jikin bango, ya girgiza kai.

"Ba zai kwana a ƙasa ba. Ke da ba ki iya hawa gado yanzu, me za ki yi da shi?"

Aka sauko da ita kan tabarma, aka ɗora akwatin a kan gadon ƙarfenta. Daga inda take kwance, shi take fara gani in ta buɗe ido. A jikinsa akwai jan rubutun boko, da hoton laima, da hoton kofin gilashi. Rufa'i ya fassara wa gida cewa laimar na nufin kada ruwa ya taɓa shi, kofin kuma na nufin a lallaɓa shi. Ba wanda ya san abin da ke ciki. Saudatu, matar Rufa'i, ta ce firji ne. Iro ya ce ya fi kama da injin niƙa. Ita dai Suwaiba abu ɗaya ta sani game da shi, yana da nauyi.

Bayan 'yan kwanaki wani mutum ya zo a kan Basfa, da jaka a hammata. Sunansa Cornelius, akawun wani lauya ne da ke Jos, aikinsa bin labarin haɗarin mota yana nema wa maigidansa shari'a. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, inda baƙo namiji ke tsayawa.

"Yaya jikin madam?"

"Da sauƙi," in ji Iro.

"Madalla. An kai ta asibiti ko?"

"Duk abin da ya kamata an yi," in ji Rufa'i da sauri.

"To shi ke nan. Kamfanin nan yana da inshora, dole su biya diyya. Amma ku sani, diyya bin rauni take yi. Ƙaramin rauni, ƙaramar diyya. Babban rauni kuwa..." Ya buɗe hannuwa ya yi dariya. Ya sha ruwa, ya hau Basfarsa ya tafi, bai ga mai ƙafar ba.

Ƙurar Basfar ba ta kwanta ba Rufa'i ya juyo kan ƙanensa.

"Da sauƙi? A gaban ɗan lauya kake cewa da sauƙi? Da ɗan kamfani ne fa? Ka san kamfani na da kunne a ko'ina?"

"Yaya, ai haka ake cewa."

"A gidan da ba shari'a ake cewa haka."

Ya zo bakin ƙofar Suwaiba ya tsaya daga waje, kamar yadda ya kamaci wan miji.

"Suwaiba, daga yau in 'yan dubiya sun tambaye ki jiki, kada ki ce da sauƙi."

"Yaya, in ba a ce da sauƙi ba, me ake cewa?"

"Ki ce abin sai gaba yake yi."

"In yi wa Allah butulci, ga shi ina numfashi?"

"Ba butulci ba ne, tsari ne."

Da la'asar wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta shigo da kwanon kunu. Ta gaida akwatin da ido, ta zauna, ta ce, "Sannu 'yar nan. Yaya jikin?"

Suwaiba ta ɗauko sabuwar amsar, ta kawo ta har bakin leɓe, ta ƙi fita. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin mai rai ya faɗi haka ba. Mahaifinta ma, ranar da zai rasu, da sauƙi ya ce.

"Da sauƙi, Iya."

Daga tsakar gida aka ji tarin Rufa'i. Washegari aka sanar a unguwa cewa an dakatar da dubiya sai bayan shari'a. Mutanen Kwadon kuwa, dangin Suwaiba, Iro ya aika musu cewa ta ɗan ji ciwo a ƙafa amma da sauƙi, kada su bar gona su taso. Haka gidan ya zama da amsa biyu, ɗaya ta cikin gari, ɗaya ta surukai.

Ɗankwalin da aka ɗaure raunin da shi a bakin hanya ba a kwance shi ba, don jinin da ke jikinsa shi ma shaida ne. Magani kuwa sai da aka yi zama a kansa. Iro ya sayo ƙwayar ciwon jiki, Rufa'i ya riƙe ta yana nazari.

"Duk abin da ya shiga ta baki, ƙarshensa ƙafa zai gangara."

"Yaya, ba ta barci."

"To a ba ta rabi. Rabi bai isa ya kai gwiwa ba."

Iro ba mugu ba ne. Yakan dawo daga kasuwa da tsire a takarda, ya zauna kusa da ita yana korar mata ƙuda da mafici. Sai dai tun yana yaro bai taɓa yanke shawarar da ta wuce ta farashin allura da zare ba. In ta dube shi da idon tambaya, sai ya ce, "Yaya ya fi mu sani. Shekara nawa ya yi a kotu."

Da yamma maza kan zauna a tsakar gida su raba abin da bai zo ba. Rufa'i ya riga ya zaɓi launin Basfarsa, shuɗiya, irin ta Cornelius. Iro zai bar tebur ya kama kanti mai ƙofar ƙarfe. Saudatu ta roƙi a sa mata rufin kwano ita ma. Ba a manta da mai ƙafa ba. Iro ya shigo mata da albishir, fuskarsa a sake.

"Yaya ya ce kujerar Makka taki ce. Ke za ki fara zuwa a gidan nan."

"Da wace ƙafa zan yi ɗawafi, Malam?"

Ya fita, ya dawo. "Ya ce a can akwai masu ɗaukar mutum a kafaɗa."

Ranar zaman kotu, Rufa'i ya fito da tsohon kakinsa na masinja, an goge shi da dutsen guga. Aka kawo amalanke, aka fara ɗora akwatin, aka tokare shi da matashin kan Suwaiba don kada ya girgiza. Ita aka kwantar da ita a gefen da ya rage. Hanyar duk ramuka ce da ruwan sama ya haƙa, kowane rami kuma sai ta ji shi har tsakiyar kanta. Ta cusa bakin zanenta a baki ta cije. Rufa'i na tafe a gaba yana daka wa mai amalanke tsawa, "A hankali! Ba ka ga hoton kofi ba?"

Suka yini a gindin bishiyar maina a harabar kotu. Masu wucewa kan tsaya su karanta rubutun akwatin, su yi gardamar abin da ke ciki. Bayan azahar akawun kotu ya leƙo ya ce lauyan kamfani bai iso ba, ruwa ya cinye hanya, an ɗaga zama.

"Ka gani?" in ji Rufa'i, yana murmushi. "Tsoro suka ji."

A hanyar komawa suka bi ta gaban babban asibiti. Suwaiba ta hango ƙofar a buɗe, mata na shiga da kwanuka a ka, wani yana fitowa da farin filasta a hannu yana cin rake. Ta cire zanen daga bakinta.

"Malam, ga asibiti."

Iro ya dafa amalanken, mai turawa ya tsaya.

"Yaya, ko su ɗan duba kawai? Duba da ido ai ba taɓawa ba ne."

"Ka taɓa ganin likitan da ya duba bai taɓa ba? Yana sa hannu, lauyan kamfani zai ce likita ne ya ɓata, mu je mu kai ƙarar likita. Wahalar da ta sha duk ta tashi a banza ke nan. Kana son wahalarta ta tashi a banza?"

Iro ba ya so. Ya ɗauke hannunsa, amalanke ta wuce.

Daga ranar ƙafar ta sauya. Kumburin ya haura, fatar ta yi sheƙi, yatsun suka fara duhu kamar ɗinyar da ta nuna. Zazzaɓi kan zo da hantsi ya tafi da la'asar, daga baya ya daina tafiya. Salla sai a kwance, da taimama a jikin bango. Wata rana iska ta ɗaga gefen kwano ɗaya, ruwa ya soma ɗiga cikin ɗakin. Aka aro tamfol a tashar mota aka lulluɓe akwatin. Ita aka ja tabarmarta kusurwa, aka ajiye mata tasa a inda ɗigon ya fi yawa.

Sai wari ya zo. Saudatu ta riƙa shigowa da kasko tana zuba turaren wuta, tana fita da sauri, idonta cike da hawayen da take ɗora wa hayaƙi. Wata safiya ta yi ƙarfin hali ta ce wa mijinta, "Malam, ƙafar nan fa ta fara magana."

Rufa'i ya je bakin ƙofar, ya shaƙa, ya ja da baya. Sannan ya gyaɗa kai.

"Wannan ko majistare na mura sai ya ji. Hujjarmu ta ƙara ƙarfi."

Ana saura kaɗan zama na biyu, rediyo ta wayi gari da kiɗan soja. An yi juyin mulki. Rufa'i ya sa kakinsa ya je kotu, ya tarar da ƙofa a rufe, akawu na zaune a waje yana cewa shi ma bai san ko yana da aiki ba. An ɗaga duk shari'u sai abin da hali ya yi.

"Sabuwar gwamnati ba ta wasa," ya gaya wa gida. "In suka buɗe kotu, a zama ɗaya za a gama. Haƙuri kaɗan ya rage."

Haƙuri shi ne abin da Suwaiba ta fi kowa a gidan. Da shi aka yaye ta, da shi aka kawo ta cikin Hausawan birni, da shi ta binne 'ya'ya biyu ba wanda ya ji kukanta. Amma ranar nan ta lura da wani abu da ya fi zafin ba ta tsoro: yatsun sun daina ciwo. Ta miƙa hannu ta tsunkuli babban, ta ji kamar ta tsunkuli ƙafar gadon.

"Malam, ka aika wa yayata Adda Jumma."

"Na aika tun tuni."

"Me ka ce mata?"

Iro ya dubi ƙasa. Ta gane.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci, Saudatu na bayan gida tana wanki. Suwaiba ta ji muryar mai tallan nono a lungu, kuma ta san muryar, wata mata ce daga rugagen wajen Kwadon. Muryar ta zo daidai bango, ta fara wucewa. Suwaiba ta tattara abin da ya rage mata na numfashi ta ƙwala kira da Fulatanci, kira irin wanda ba ta taɓa yi ba tun da aka haife ta, har kajin tsakar gida suka watse.

Matar ta shigo da ƙwarya a ka. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta dubi akwati a kan gado cikin tamfol, ta dubi mutum a ƙasa.

"Suwaiba? Ke ce? Yaya jikin?"

"Babu sauƙi," in ji Suwaiba. "Useni, don Allah, ki gaya wa Adda Jumma haka, yadda na faɗa. Babu sauƙi."

Da hantsin Asabar wata a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan. Adda Jumma, yayar Suwaiba, ta sauko da taɓon gona a ƙafarta. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta tsaya dogon gaisuwa a zaure ba. Ta shiga ɗakin, ta ɗaga zanen, ta mayar. Ta fito ta ce wa direba ya matso da mota.

Rufa'i ya tare ƙofa. "Jumma, ki yi hankali. Abin da kike shirin yi sunansa raina kotu. Ana ɗaure mutum a kansa."

"To."

"Wannan ƙafa tana hannun doka."

"Doka ta zo Kwadon ta same ni, Malam Rufa'i. Gidanmu ne mai tsamiya a ƙofa."

"Za ki jawo wa ƙanwarki asara! Makka fa za ta!"

"Ga akwatinku nan a kan gado, ba mu taɓa shi ba. Ku dama masa kunu." Ta juya ga Iro, wanda ke tsaye yana murza hularsa. "Kai kuma, za ka kama mini ita, ko in kira direba ya shiga ɗakin matarka?"

Iro ya dubi wansa, ya dubi ƙofar ɗakin. Ya sa hular a aljihu, ya shiga ya tallabo kafaɗunta. Sai a lokacin ya ji yadda ta koma ba nauyi.

A asibiti likita ya jiƙa ɗankwalin da ruwa ya ɓamɓare shi a hankali. Ya daɗe yana kallo. Ya tambayi yaushe abin ya faru, Iro ya faɗa masa. Ya sake tambaya, yana zaton bai ji daidai ba. Sannan ya ce da an kawo ta a makon farko, da yanzu tana takawa da sanda. Yanzu kuwa zaɓi biyu ne, ƙafar ko mai ƙafar. A ranar aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Washegari, lokacin shigar 'yan dubiya, Rufa'i ya iso cikin kakinsa, da fanteka a hannu ɗaya da ɗan buhun gishiri a ɗayan. Ya tsaya a teburin Sista Jamilatu, mai kula da ɗakin mata.

"Na zo karɓar kayan shaida."

"Kayan me?"

"Ƙafar da aka cire jiya. Mallakar kotu ce. In aka zuba mata gishiri sosai za ta kai a buɗe zama."

Sista Jamilatu ta cire tabarau ta dube shi da kyau, don ta tabbatar ba daga ɓangaren masu taɓin hankali ya ɓato ba. Ta nuna masa gadon ƙarshe da biro.

Suwaiba na kwance, an rufe ta da farin mayafi wanda ya faɗa a inda bai kamata ya faɗa ba. Adda Jumma na gefe tana fifita kunu. Iro na zaune a ƙasa, da jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa.

"Ina take?" in ji Rufa'i. Ko yaya jiki bai ce ba.

"Mun naɗe ta a farin ƙyalle," in ji Iro. "Na kai ta maƙabarta da safe."

"Ka binne? Da hannunka? Iro, shari'a ka binne! Yanzu da me za mu je gaban majistare? Lauyan kamfani zai miƙe ya ce ina ƙafar da ake magana? Zai ce da ɗaya aka haife ta! Duk tsaron da na yi, duk hana idona barci, ko ƙuda ban yarda ya sauya mata kama ba, ku ku zo rana ɗaya ku zuba ta a rami!"

Matan da ke sauran gadajen suka ɗago kai. Rufa'i da gaske yake. A gidansu ba wanda ya taɓa ɗaga wa Suwaiba hannu, ba wanda ya hana ta tuwo. Ko yau aka tara su, kowa zai rantse alheri ya nufe ta da shi, Makka ma za a kai ta. Abin da suka yi kawai shi ne jira, su a tsaye, ita a kwance, kuma kowace safiya sun ga ƙafar sun ji warinta, sun koma tsakar gida sun ci gaba da zaɓen launin Basfa. Akwatin kuwa yana can a kan gado, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba.

Suwaiba ta ɗan ɗago kai, Adda Jumma ta tokare ta da hannu. Muryarta ba ƙarfi, amma ɗakin ya yi tsit har ana jin ta daga ƙofa.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka. Ba ɓata ta yi ba, ajiye ta aka yi, kuma inda aka sa ta ba mai taɓawa. Malamai sun ce akwai ranar da za a rufe bakin mutum, hannu da ƙafa su yi magana. Ran nan za a kira ta, kuma ba za a ɗaga zaman ba." Ta numfasa. "Direban kamfani dai ƙiftawar ido ta san shi. Ku kuwa damina guda ta yi tana kallonku."

Rufa'i ya buɗe baki. Ya laluba cikin duk shari'un da ya taɓa ɗaukar fayil ɗinsu, bai sami mai kama da wannan ba. Buhun da ke hannunsa ya huje ta ƙasa, gishiri na tsiyaya a kan siminti, ya yi layi tun daga ƙofa har gindin gadon.

Sista Jamilatu ta zo ta miƙa masa tsintsiya.